Ramin Baƙo a Ragar Gabas

Har gobe ban manta da Talatar da Alhaji ya kawo mana Bature a cikin motarsa ba. Shekara goma sha huɗu na buga wa ƙungiyar nan ƙwallo, yau shekara tara ina koyarwa a cikinta, kuma ranakun da suka ɓace mini sun fi waɗanda na riƙe yawa. Amma wannan Talatar tana nan daram. Tun da kun dame ni da tambayar abin da ya sa nake zaga fili da kowane sabon ɗan wasa da ƙafata, ba na wakilta kowa ko da zazzaɓi nake yi, to ku gyara zama. Manyanku sun san rabin labarin. Ɗaya rabin ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Lokacin muna rukuni na ɗaya, wato matakin da ke ƙarƙashin babbar gasar ƙasa. Tsarin ƙungiya kuwa kamar yadda kuka tarar ne. A sama akwai Alhaji mai ƙungiya, ɗan kasuwar man kaɗe a Aboabo, shi ne wuƙa shi ne nama. Ƙarƙashinsa Koci Sulemana, mai tsara wasa da zaɓen wanda zai buga. Sai Baba Inusa mai tausa, wani tsohon Badagombe da ya riga kowa zuwa, shi ke ɗaure ƙafa, shi ke gasa targaɗe, shi ke riƙe jakar magani ranar wasa. Sai kyaftin, wanda ke tsakanin 'yan wasa da manya. Kyaftin ɗin ni ne, Awudu ɗan Moshi Zongo, ɗan wasan gaba. Shekara goma sha ɗaya riga mai lamba tara tana jikina, har mutane suka manta sunan mahaifina, ko'ina sai Awudu Tara. Hatta mai yelo-yelo, keken hayar nan mai ƙafa uku, in ya ɗauko ni daga kasuwa ba ya tambayata inda zan sauka.

Ranar muna tsakiyar atisayen share fagen kakar wasa, ƙarshen watan Agusta, damina ta kankama. Mota ta tsaya, Alhaji ya fito yana fara'a kamar wanda ya dawo daga Makka, sai ga wani dogon Bature mai sanƙo ya biyo shi da jaka a kafaɗa. Sunansa Giyom, mutumin Faransa, shekarunsa talatin da biyar. Matarsa ce ta sami aikin shekara guda a wata ƙungiyar agaji a nan Tamale, shi kuma kwantiraginsa ya ƙare a inda yake, ya biyo ta. Labari ya kai kunnen Alhaji, ya je har masaukinsu a Gumbihini ya ɗauko shi.

Alhaji ya tara mu ya shiga lissafo mana inda mutumin ya buga. Ƙungiya shida a ƙananan rukunan ƙasarsu, biyu a Beljiyam, sai wani tsibiri da ban riƙe sunansa ba, sai Maroko, sai huɗu can gabas wajen masu cin shinkafa da tsinke. Goma sha huɗu cif, mu ne na goma sha biyar. Yara suna ta tafi. Ni kuwa ban taya su ba. Ni da ko fasfo ban taɓa yi ba. Sau ɗaya wani dillali ya yi mini alkawarin gwaji a waje ina da shekara ashirin da uku, na sayi jaka, na yi sallama da dangi, har yau ban sake jin muryarsa ba. Abin da na yi shekaru ina roƙon Allah ya ba ni guda ɗaya, ga wani an ba shi goma sha huɗu, yana tsaye yana sosa ƙeya kamar ba komai ba.

Ban gama haɗiye wannan ba Alhaji ya ce a kawo akwatin riguna. Ya tona da hannunsa, ya zaro lamba tara, ya miƙa wa Baturen. Sannan ya waiwayo ni.

"Awudu, kai ɗan gida ne. Baƙo ake yi wa shimfiɗa. Ka ɗauki sha tara, ai duk tara ce."

Aka yi dariya, ni ma na yi, don ba a ƙin dariyar Alhaji. Na ce, "Ba komai, Alhaji." Koci Sulemana ya sunkuyar da kai yana gyaran igiyar usur. Shi ya san akwai komai. A tsarinsa ɗan gaba ɗaya yake sakawa, ba biyu ba, don haka ba riga kaɗai aka cire mini ba, har da wurina a fili.

Yanzu bari in yi wa sababbinku bayanin al'adar da labarin ya rataya a kanta. Filinmu na gida a wancan lokaci ba kamar yanzu yake ba. Akwai tudun tsohon suri a tsakiya, akwai gangare ta gefen kudu inda ƙwallo ke ƙara gudu, akwai wuraren da tsakuwa ta fito. Saboda haka doka ce tun kafuwar ƙungiya, ranar da sabon ɗan wasa ya zo, kyaftin zai ɗauke shi su biyu kawai, su zaga fili daga kusurwa zuwa kusurwa, ya nuna masa duk inda ƙasa ke da hali. Ba a rubuta dokar a ko'ina ba. In an gama zagaye, ba wanda zai sake yi wa sabon nan maganar fili, domin yin hakan tamkar cewa ne kyaftin bai iya aikinsa ba.

Babban abin da ake nunawa kuwa shi ne Ramin Baƙo. Shekarun baya an taɓa haƙa ramin bututun ruwa ya ratsa ta gaban ragar gabas, taki ɗaya da rabi daga turken hagu. Da aka gama ba a cike shi da jar ƙasa ba, yashi aka zuba da ƙaiƙayin shinkafa. Da rani kowa yana ganin wurin, fari fat. Da damina ciyawa ta rufe shi, ya yi kore shar kamar ko'ina, amma in ka taka shi da gudu ƙafarka za ta nutse har idon sawu. Za ku ce me ya hana a gyara? Mu muka hana. Ɗan wasan baƙi in ya taho da gudu zai ci mu, sai ya ji ƙasa ta riƙe shi, ya yi tuntuɓe, golanmu ya ɗauke ƙwallo. Mu da muka sani muna kauce masa ko ido a rufe. Alhaji yakan kira shi ɗan wasanmu na goma sha biyu. Muna alfahari da shi, Allah ya yafe mana.

Da la'asar ɗin wannan Talata na ɗauki Giyom a babur muka tafi filin. Turancinsa gurgu ne, nawa ma ba lafiyayye ba, amma mun fahimci juna. Na nuna masa surin, na nuna masa gangaren, na nuna masa inda tsakuwa take a gaban ragar yamma. Yana ta gyaɗa kai, yana rubutawa a wani ɗan littafi mai baƙin bango da yake yawo da shi a aljihu. Wani wurin har durƙusawa yake yi ya danna ƙasar da babban yatsa. Da muka iso ragar gabas, na tsaya a bakin layin yadi sha takwas. Ina ganin wurin, ciyawarsa ta fi ta ko'ina kyau. Ban shirya komai daga gida ba, wallahi. Amma na dubi rigar da ke saɓe a kafaɗarsa, na ga tarar nan da matata ta sha ɗinke mini gefenta, sai na ji bakina ya ce, "Nan lafiya lau ne." Muka wuce.

Da muka koma wurin babur ya kama hannuna da hannu biyu ya girgiza. Ya ce, "Na gode, Kyaftin." Kalmar Hausa ta farko da ya koya ke nan.

Ɗan wasan waje ba ya buga gasa sai takardunsa sun cika. Sai ƙungiyarsa ta baya ta sake shi, takardar sauya ƙasa ta iso, a samo masa izinin aiki, sannan a buga masa katin nan mai hoto da alƙalin wasa ke dubawa kafin a take ƙwallo. Mako uku aka yi ana wannan zirga-zirga. Mako ukun nan ni addu'ata ɗaya ce, Allah ya sa wata takarda ta maƙale a wani ofis. Ba ta maƙale ba. Takardun 'yan gida sukan yi wata biyu, nasa suka zo kamar an aiko su da iska.

Da damina ba ma taɓa filin gida sai ranar wasa, don kada ciyawa ta lalace. Atisaye a filin wata makaranta muke yi a Gumbihini, shi ya sa bai sake taka ragar gabas ba. A can na zauna na ƙare masa kallo, ina neman aibu. Na samu kuwa, ba shi da gudu ko kaɗan, Baba Inusa ma zai iya tsere masa. Na yi ta yayata wannan a tsakanin yara. Amma a zuciyata na san abin da nake gani. Mutumin ba ya bin ƙwallo, ƙwallo ce ke zuwa inda yake. Zai yi kamar ya gaji, ya tsaya a bayan mai tsaron baya yana tafiyar hawainiya, da ɗan gefe ya ɗaga kai zai bugo, sai ka gan shi fit ya ɓullo a turken kusa, ya sa mata ɗan yatsa kawai. Shekara goma sha uku ina kokawa da 'yan baya da ƙirji da gwiwar hannu, shi ko zufa ba ya yi sosai. Abin ya ci mini rai, don na gane da an koya mini haka ina yaro da ni ma na ga tsibirin nan.

Gari kuma ya ɗauka. Yaran da ke bin babur ɗina suna "Tara! Tara!" suka koma "Siliminga! Siliminga!", wato Bature da Dagbanci. Mai shayin unguwarmu, mutumin Burkina ne, ya sami abokin Faransanci, in suka kafa hira sai in yi minti goma ina jiran a zuba mini. Abin da ya fi ƙona ni shi ne gidana. Matata Ayishetu tana sayar da wake da shinkafa a Aboabo, waakye ɗin nan da kuke layi a kansa. Giyom ya gano wurin, kullum da hantsi yana can a kan benci yana ci da hannu, yaji yana sa shi hawaye. Wata rana na tarar ta ɗora masa ƙwai biyu.

Da ta dawo gida na ce, "Ni da nake mijinki ƙwai ɗaya nake samu."

Ta ce, "Kai Awudu, ka ji kunya mana. Mutumin nan yana da kirki paa. Kullum sai ya tambaye ka, yana cewa ina Kyaftin. Kai ko sannu ba ka mishi."

Na ce, "Kirkinsa ya ci shi."

Ta dube ni ta ce, "Wannan ba fushi ba ne, hassada ne. Ka yi hankali da shi."

Na tashi na bar mata ɗakin, don ta faɗi gaskiya.

Wasannin farko guda biyu a waje muka buga. Ya ci ɗaya a na farko, ya ci biyu a na biyu, dukkansu a turken kusa. Ni ina benci da sha tara a bayana, ina tafi da hannu kawai. Duk ƙwallon da ya ci sai ya rugo wajen benci ya nuna ni da yatsa, wai girmamawa ce ga kyaftin. Ni kuwa ji nake kamar yana nuna wa duniya inda aka ajiye ni. A mota in muna dawowa yakan zauna kusa da ni ya buɗe littafin nan ya nuna mini abin da ya rubuta a kan golan da muka buga da shi, wane gefe yake faɗawa, wace ƙafa yake dogara da ita. Yana ba ni ilimin shekara ashirin kyauta, ni ina kallon taga.

Wasa na uku shi ne na gida, ranar Lahadi, farkon Oktoba. An kwana ana ruwa. Tun azahar fili ya cika, har kan katanga da kan bishiyoyi, kowa ya zo ganin Siliminga. Muna ɗakin sauya kaya Baba Inusa yana ɗaure mini idon sawu, sai ya yi ƙasa da murya.

"Kyaftin, ka nuna shi ramin?"

A ƙa'ida bai kamata ya tambaya ba, shi ma ya sani. Na ɗaure fuska na ce, "Baba, na zaga da shi fili tun ranar da ya zo."

Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "To, Naa," wato ranka ya daɗe da Dagbanci. Ya ci gaba da ɗaurinsa.

Rabin farko ragar yamma muka kai wa hari, aka tafi hutu ba ci. Na san abin da ke tafe, kowa ya san za a juya. Giyom ya zo ya zauna kusa da ni yana haki, na miƙa masa ruwa. Ya kurɓa, ya nuna ragar gabas da gorar, ya ce golansu yana jinkirin rufe turken hagu, can zai shiga, ƙwallon farko da aka bugo daga wannan gefen tasa ce. Yana nuna mini daidai wurin da yatsa. Kalma huɗu kawai ake bukata, akwai rami a can. Na buɗe baki. Sai 'yan kallo suka ɓarke da waƙar da suka saba yi mini shekara goma sha ɗaya, amo ɗaya, kiɗa ɗaya, sun cire sunana sun sa nasa. Na rufe bakina. Na ce masa, "Allah ya ba da sa'a."

Zan faɗa muku abin da na saƙa a raina, ba don in wanke kaina ba. Na ɗauka zai yi tuntuɓe ya faɗi a gaban jama'a, a yi masa dariya, ya ɓarar da ƙwallo, Koci ya tuna da ni. Haka ramin ya saba yi wa baƙi, yara masu shekara ashirin da ke tashi su kakkaɓe wando. Ban lissafa da gwiwar mai shekara talatin da biyar da aka taɓa yi wa aiki ba.

Minti bakwai da komawa ɗan gefenmu ya tsere ta hagu ya bugo ta ƙasa-ƙasa. Giyom ya ɓullo kamar yadda ya faɗa. Ƙafarsa ta dama ta shiga ramin ta tsaya, jikinsa ya wuce. Daga benci na ji ƙarar, kamar an karya ɗanyen rake. Bai yi birgima irin ta masu neman fenareti ba, ya kwanta kawai ya ɗaga hannu ɗaya. Baba Inusa ya ruga da jakarsa, ya durƙusa, ya taɓa gwiwar, sannan ya dubi ramin. Daga can inda yake ya juyo ya dubi benci, ya nemo idona. Ya daɗe yana kallona kafin ya kira a kawo abin ɗaukar mara lafiya.

Koci ya ce, "Awudu, tashi."

Na shiga. Saura minti goma a tashi aka bugo kwana, na tashi na sa mata kai, ta shige. Da ɗaya muka ci wasan. Jama'a suka ɗauke ni a kafaɗa har bakin titi, waƙa ta dawo da sunana. Kuma ga abin da ya fi komai muni a labarin nan, na ji daɗi. Ba zan yi muku ƙarya ba. Ana can ana ɗora mutum a mota zuwa asibiti, ni ina sama a kafaɗun mutane ina jin daɗin da na yi kusan mako shida ban ji ba. Sai da na isa gida na ga Ayishetu ta ajiye mini tuwo ba ta ce mini barka ba, sannan daɗin ya fara tsami.

Likitoci suka ce jijiyoyin gwiwar sun tsinke, sai an yi aiki a ƙasarsu, kuma a shekarunsa ƙwallo ta ƙare. Alhaji ya kira taro ya tambaya ko an zaga da shi fili. Na ce an zaga. Ya ce to ƙaddara ce, zafin wasa ne ya mantar da shi. Kowa ya yarda, aka shafa fatiha. Baba Inusa bai taɓa tona ni ba, a taron ko bayansa. Abu ɗaya kawai ya yi. Daga ranar bai sake kirana Kyaftin ba. "Awudu, kawo ƙafar." "Awudu, an gama." Shekara shida ya ƙara a duniya muna aiki tare kullum, har na zama koci, bai sake ba ni wani suna ba sai wanda aka raɗa mini.

Kwana goma ina kewaye-kewaye ban je duba Giyom ba. Ayishetu ce ta zuba waakye a kwano, ta ɗora ƙwai biyu, ta ɗaure ta ajiye a kan babur ɗina ta ce kada in dawo da shi. Na same shi da safe a barandar masaukinsu, ƙafa a miƙe cikin ƙarfe, sanduna a jingine, ana ta haɗa kaya. A gefensa akwai wata tsohuwar jaka a buɗe cike da riguna kala-kala. Ya ce kowace ƙungiya ya buga wa yakan tafi da riga ɗaya, su ne kaɗai abin da ya tara. Na zauna ina kallonsu, ja, shuɗi, rawaya, wasu da rubutun da ban iya karantawa ba. Ko a wannan hali sai da na ji ƙyashin nan ya motsa.

Na tambaye shi wace ce ya fi so. Ya yi dariya ya ce ba ko ɗaya da za ta tuna da shi. Ya ce in ya koma garinsu ba mai tsayar da shi a hanya, don ya bar can yana da shekara goma sha tara, sauran wuraren kuwa bai taɓa yin shekara biyu cikakku ba. Ya ce ranar farko da na ɗauke shi a babur ya ƙirga mutum nawa suka kira sunana tsakanin Gumbihini da fili, ya gaji ya bari. Ya ce da zai iya, da ya ba ni jakar nan duka in ba shi wannan. A raina na ce mai ƙoshi ne ke yabon azumi.

Sai ya sa hannu a ƙarƙashin matashi ya zaro lamba tara, a wanke, a ninke. Ya ce wannan ba za ta shiga jaka ba, tawa ce, shi bai roƙa ba, kuma tun ranar farko ya ga fuskata. Na karɓa. Na ce a raina yanzu zan faɗa masa. Kafin in haɗa Turancin ya riga ni.

Ya ce, "Kyaftin, ka san wani abu? Ƙungiya goma sha huɗu, duk inda na je ɗan gaban da na tarar ba ya gaishe ni. Wani ya ɓoye mini takalmi, wani ya faɗa mini lokacin atisaye na ƙarya. Na saba, haka sana'ar take. Kai kaɗai ne na karɓe wa riga, ka ɗauke ni a babur ɗinka, ka zaga da ni fili taki-taki. Ramin nan kai ma ba ka san ya yi laushi haka ba, ruwa ne. Kada ka sa wa ranka."

Ya ciro ɗan littafin nan mai baƙin bango ya ɗora a kan rigar, ya ce zai yi mini amfani in na fara koyarwa. Na karɓa. Na ce masa Allah ya ƙara sauƙi. Na hau babur na tafi, ban faɗa ba.

Washegari da sassafe na ari baro da shebur, na kwashe yashin nan da ƙaiƙayin har ƙasa, na yi sawu goma sha ɗaya na jar ƙasa, na daddaɓe da taɓarya. Alhaji ya zo ya same ni yana faɗa, wa ya ba ni izinin kashe masa ɗan wasa na goma sha biyu. Na ce, "Alhaji, ya ci namu." Ya juya ya koma mota. Baba Inusa yana zaune a inuwa yana kallona tun daga sawun farko har na ƙarshe, bai taya ni ba, bai hana ni ba. Na ƙara shekara ɗaya da lamba tara a jikina, na ci ƙwallaye ba laifi, sannan na ajiye. Littafin yana nan, shi ne wanda kuke gani a aljihuna. Rabin abin da nake koya muku na shiga turken kusa daga cikinsa yake. A shafin filinmu, da rubutun hannunsa, akwai zanen ragar gabas, ya rubuta a gefe da harshensu. Na kai wa mai shayi ya karanta mini. Wai, nan lafiya lau, in ji Kyaftin.

Ga abin da aikin nan ya koya mini. A ƙwallo ba abokin hamayya ne ya fi cutar da kai ba, shi ka san da shi, ka shirya masa. Wanda ke zaune kusa da kai a benci yana jiran wurinka, shi ne abin tsoro, kuma kowane ɗayanku wata rana zai zama shi. Za a kawo wanda ya fi ku, ko wanda aka fi so, za a ba shi rigarku, za ku ji abin da na ji. Ba zan ce kada ku ji ba, mutum ne ku. Ku ji, ku je gida ku yi wa matanku ƙorafin ƙwai. Amma abin da kuka sani na fili, wanda baƙo bai sani ba, ba naku ba ne, amana ce. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Ni ban gina ba ma, shiru kawai na yi a bakinsa, kuma ga shi shekara goma ina ciki.

Giyom yana can garinsu yana koyar da yara a wata makaranta, yana ɗingishi. Duk Sallah, ƙarama da babba, sai saƙonsa ya shigo wayata da Hausar da Ayishetu ta koya masa. Baba Inusa da ya san gaskiya ya mutu bai sake kirana Kyaftin ba. Ku kuma Koci kuke ce mini. A duniyar nan mutum ɗaya ne ya rage da ke kirana da shi. "Barka da Sallah, Kyaftin." Har yau ina ƙyashinsa, ba don jakar riguna ba yanzu, sai don shi yana rubuta wannan da zuciya ɗaya. Sallar da ta wuce na rubuta masa amsa mai tsawo, na faɗi komai, na karanta sau uku, na goge, na tura "Na gode." Yau na faɗa muku, saura shi.

To, sababbin nan biyu, ku ɗaura takalmanku. Daga ragar gabas za mu fara.